Kafin a gwada ƙwaƙwalwar yaro a Gedambaliya, wa ya kamata a tambaya?

Duk wanda ya taɓa sayen riɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya san ba a biyan kuɗi da ka. Sai an kwance bakin buhu, an tsoma hannu har gwiwar hannu, an duba ko akwai tsakuwa ko danshi, an ɗora a sikeli, sannan a yi maganar takarda. Amma abin mamaki shi ne, wannan ɗan kasuwa da ba ya yarda a cuce shi da ko mudu ɗaya, idan aka aiko masa da takarda daga makarantar ɗansa, da Larabcin ofis wanda ko mai shahada sai ya karanta sau biyu, sai ka ga ya dangwala yatsa ya miƙa, ya ce ai malamai sun fi mu sani. To, akwai wata takarda da ta fi ta riɗi nauyi nesa ba kusa ba, ita ce wadda ake neman izinin uba ko uwa a gwada yaro don a gano ko yana da naƙasa a ji, ko a gani, ko a fahimta. A kanta muke son mu tsaya yau.

Masu karatu za su iya tambaya, me ya kawo wannan magana yanzu, alhali mutane na ta kansu? Amsar tana cikin halin da makarantu suka shiga tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A watan Oktoba na wannan shekarar, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, ɗaruruwan dubban mutane suka kwararo jihar Gadarif, azuzuwa da dama suka koma ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira. Da aka fara buɗe makarantu a jihohin gabas ɗaya bayan ɗaya, abin da malamai suka tarar a gabansu shi ne yaro ɗan shekara goma wanda bai iya haɗa baƙi ba, da yarinyar da ke firgita idan ƙofa ta bugu, da wanda ke zaune shiru tun safe har a tashi. Dole malami ya tambayi kansa: wannan rashin karatu ne, ko tsoro ne, ko kuwa wata lalura ce? Tambaya ce mai kyau. Matsalar tana wajen yadda ake amsa ta, da kuma wanda ake amsa ta a bayan idonsa.

A yankin Gedambaliya akwai ƙarin wani abu. Idan ba a manta ba, a nan ne Turawan Ingila suka fara noman tarakta a Sudan a tsakiyar shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma tun daga lokacin gonakin dawa da riɗi ke jawo ma'aikata daga ko'ina, ciki har da Hausawa, waɗanda kakanninsu wasu suka zo a kan hanyar Makka suka tsaya, wasu kuma suka biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno. Yaro a gidajenmu da Hausa yake buɗe baki. Da ita uwarsa ke aikensa, da ita yake faɗa da ƙannensa. Larabcin da yake ji a kasuwa daban, na littafin makaranta daban. Ƙara da cewa idan riɗi ya nuna wajen watan Oktoba, ba ya jiran kowa, gida kaf ake fita yanka kafin ya zube, har da 'yan makaranta. Yanzu a ɗauki yaron da ya rasa shekara ɗaya ko biyu saboda yaƙi, ya rasa makonni saboda kaka, a zaunar da shi gaban baƙon da bai taɓa gani ba, a yi masa tambayoyi da harshen da ba nasa ba. Idan ya yi shiru, me aka auna? Mu dai a ganinmu ba ƙwaƙwalwarsa aka auna ba.

Kada a ce tsoro ne kawai irin namu. An yi wannan a ƙasashen da suka fi mu likitoci da kuɗi. A 1970, a jihar Kalifoniya ta Amurka, an kai ƙara a madadin yara tara 'yan asalin Meksiko, shari'ar da ta shahara da sunan ɗaya daga cikinsu, Diana. Yaran da Sifaniyanci suke magana a gida, aka yi musu gwajin ƙwaƙwalwa da Turanci, aka tura su ajin masu raunin hankali. Da aka sake gwada su da harshensu, sai mafi yawansu suka haye matakin da aka ce sun gaza. Hukumar ilimi ta jihar ta amince daga nan a riƙa gwada yaro da harshen gidansu. A Ingila ma, a 1971, wani malami ɗan asalin Girenada, Bernard Coard, ya wallafa ɗan littafi da ya tona yadda ake cika makarantun da ake kira na masu ƙarancin basira da 'ya'yan baƙaƙen fata 'yan ci-rani daga tsibiran Karibiyan, iyayensu kuwa da yawa sun ɗauka makaranta "ta musamman" wata alfarma ce aka yi musu.

Amma shari'ar da ta fi kama da halinmu ita ce wadda kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke ranar 13 ga Nuwamba, 2007, a kan Jamhuriyar Cek. Yara 18 ne daga garin Ostrava, 'yan wata ƙaramar al'umma da ake kira Roma, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon baƙi a ƙasar da aka haife su. Alƙaluman da aka gabatar sun nuna cewa yaro ɗan Roma a wannan gari ya fi sauran yara yiwuwar a tura shi makarantar masu raunin fahimta har sau 27. Gwamnati ta kare kanta da hujjar da ta ga ba mai tunkuɗe ta: ai iyayen sun sa hannu, ga takardun. Kotu ta ce a'a. Ta lura cewa takardar an riga an cika ta kafin a miƙa wa iyaye, ba a bayyana musu wane zaɓi suke da shi ba, ba a faɗa musu bambancin karatun wannan makaranta da na sauran ba, kuma iyayen talakawa ne, yawancinsu ba su yi zurfin karatu ba, don haka ba za a ce sun auna abin da zai biyo baya ba. Aka ba kowane yaro diyyar Yuro 4,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma lokacin da hukuncin ya fito yaran sun riga sun girma. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar: sa hannu daban, yarda daban.

Mu Hausawa ba ma buƙatar Bature ya koya mana wannan darasi, domin mun biya kuɗinsa da tsada a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki ta hannun ma'aikatan jinya. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma sai a 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya. Gaskiya ne gwajin magani ba ɗaya yake da gwajin karatu ba, babu yaron da tambayoyin malami za su kashe. Amma a duba abin da ya biyo baya. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, ta sake ɓulla a nan Sudan a 2004 bayan shekara uku ba a gan ta ba. Wato rashin tsayawa a yi wa iyaye bayani a asibiti ɗaya ya taimaka wajen gurgunta yaran da ba su taɓa jin sunan Trovan ba. Duk hukuma ko ƙungiyar agaji da ke ganin neman izinin iyaye ɓata lokaci ne, ta yi wannan lissafi.

To yaya yarda ta gaskiya take? A nan dokar Amurka ta cancanci a duba ta, ba don Amurkawa sun fi kowa adalci ba, sai don sun yi kuskuren da yawa har suka rubuta maganinsa dalla-dalla. Dokar ilimin yara naƙasassu da suka kafa a 1975, suka sake mata suna a 1990, suka yi mata gyara a 2004, ta ce makaranta ba za ta fara gwada yaro ba sai da izinin iyaye a rubuce, bayan an yi musu cikakken bayani da harshensu na gida. Izinin gwaji bai zama izinin sauya wa yaro aji ba, wannan sai an sake tambaya. Iyaye na iya janye izininsu. Suna da ikon ganin duk abin da aka rubuta a kan ɗansu, kuma idan ba su gamsu da sakamakon ba suna iya neman wani masani na daban ya sake gwadawa. Idan iyaye suka ƙi gwajin, makaranta na iya kai maganar gaban mai sauraren ƙara, amma ba ta da ikon tilasta wa yaro shiga shirin musamman idan iyayen suka ce a'a. Sai kuma sashen da muka fi so a rubuta da manyan baƙi a ofishin kowane shugaban makaranta a Gadarif: ba a ce yaro naƙasasshe ne ba idan ainihin dalilin gazawarsa shi ne ba a koyar da shi karatu ko lissafi yadda ya kamata ba, ko kuma bai ƙware a harshen makaranta ba.

Babu mai cewa a kwaso wannan doka kacokan a dasa a ƙauyen da ajinsa ke da yara saba'in da allo ɗaya. Amma Sudan ba fanko take ba ta fuskar doka. Ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta duniya tun 1990, wadda ta ce iyaye ne ke da alhakin farko a kan tarbiyyar yaro, kuma a saurari ra'ayin yaron gwargwadon shekarunsa. Ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a Afrilun 2009, wadda sashenta na 24 ya ce kada a fitar da yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasa. Akwai dokar yara ta 2010, akwai dokar naƙasassu ta 2017. Najeriya ma ta samu tata dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Alƙawari a takarda bai yi ƙaranci ba. Abin da ke tsakanin alƙawarin da uban yaro shi ne mutum ɗaya mai jin Hausa da Larabci wanda zai zauna minti goma ya yi bayani, kuma wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Bur Sudan ko Khartoum.

Wani hanzari ba gudu ba. Idan muka tsaya a kan laifin hukuma kaɗai, ba mu yi wa yaranmu adalci ba. A ƙauyukan Gedambaliya, abin da ya fi yawa ba yaron da aka gwada ba da izini ba ne, a'a, yaron da ba wanda ya taɓa gwada shi ne. Muna cikin yankin da sanƙarau ke zagayowa da bazara daga Senegal har Habasha, kuma kurumta na cikin abin da yake bari. Ƙyanda ma haka, da ciwon kunnen da ke zubar da ruwa ba a kula ba. Yaro nawa ne ake cewa taurin kai gare shi, ana zane shi a gida ana zane shi a halwa, alhali ba ya ji ne? Yarinya nawa ce ake cewa daƙiƙiya, alhali allon ne ba ta gani daga baya? Mai farfaɗiya kuwa sai a ce iska ce, a ɓoye shi a ɗaki don kada a ƙi auren 'yan uwansa mata. Cibiyoyin da aka sani na makafi da kurame, irin su Ma'ahadin Nur, a Khartoum suka taru tun asali, inda yaƙin ya fi yin ɓarna, don haka idan aka yi sa'a wani mai auna ji ko gani ya zo har ƙauye, uban da ya kore shi da sanda bai kare ɗansa ba. Ikon cewa a'a haƙƙi ne, amma an ba uba shi ne don amfanin yaron, ba don kare sunan gida ba.

Mun kuma san dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da duk wani mai zuwa da takarda yana rubuta sunaye. Wanda ya sha tambayar "kakanka daga ina?" a wajen neman lambar ɗan ƙasa, wanda kuma ya ga abin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ a Yulin 2022, inda rikicin ƙasa da sarauta ya ci rayuka fiye da ɗari har Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartoum, ba za a zarge shi ba idan ya tambayi ina takardar za ta. Tambaya ce da ta dace, kuma wajibi ne a amsa ta. Kalmar da aka rubuta a fayil ɗin yaro ɗan shekara bakwai tana iya bin sa har ranar da zai nemi aiki ko aure, a ƙauye kuwa magana ba ta kwana. Wa zai riƙe sakamakon? Wa zai gani? Idan ƙungiyar agaji ce ta tattara, ina bayanan za su idan aikinta ya ƙare ta kwashe kayanta? Mai gwajin da ba shi da amsar waɗannan bai shirya ba tukuna.

Kuma a tuna ba kowace naƙasa ce ƙarshen karatu ba. A Kano, kurame na da harshensu, maganar hannu, wadda suke ciniki da hira da ita a kasuwanni tun kafin zuwan boko, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2000. Makarantar Tudun Maliki ta daɗe tana yaye kurame da makafi. A tsangayu kuwa ba sabon abu ba ne makaho ya haddace Alƙur'ani ya zama malamin masu ido. Al'adarmu ta san yadda ake tafiya da irin waɗannan yara cikin jama'a. Abin da take tsoro shi ne tambari. Saboda haka tambayar da uba zai yi ba ita ce "me ke damun ɗana?" kaɗai ba, har da "idan kun gano, me za ku yi masa?" Idan amsar ita ce tabarau, ko na'urar ji, ko a dawo da shi layin gaba, ko ƙarin darasi da yamma, to madalla. Idan kuwa amsar ita ce a rubuta sunansa a wani jadawali sannan a ce ya zauna gida domin makaranta ba ta da wurin irinsa, to gwajin ya zama hanyar kora kawai, kuma sashe na 24 da muka ambata ya hana wannan.

Sauran magana ta 'yan kasuwa ce kai-tsaye. Dokar iyali ta Musulmi ta 1991, kamar yadda fiƙihu ya tsara, ta sa uba a gaba wajen walicci. To amma ina uban? Yana Galabat yana jiran a buɗe hanyar Matama, ko ya bi motar albasa zuwa Kasala, ko yana gonar wani a can cikin daji sai bayan girbin dawa. Wadda ta san yaron ba ya waiwayowa idan aka kira shi daga baya ita ce uwarsa, ita ce kuma sau da yawa ba a tambaya, ko kuma idan takarda ta zo ta ce ba za ta taɓa ba sai maigida ya dawo. Ta haka ake rasa dama: masu gwajin sun zo kwana biyu sun tafi. Ta haka kuma ake yin ɓarna: wani kawu ko maƙwabci ya dangwala don a rabu da ɗan aike, bai san me ya amince da shi ba. Yaran da ke hannun malaman halwa, ko marayun yaƙi da ke zaune gidan dangi, su nasu ya fi rikitarwa, domin riƙo daban walicci daban.

Ɗan kasuwar da zai yi tafiyar wata biyu ba ya barin rumfarsa ba wakili, yana faɗa wa yaron shago abin da zai sayar da abin da sai an kira shi. Haka ya kamata ya yi da makaranta kafin kaka ta kama: ya je da kansa wajen shugaban makaranta, ya faɗi wanda ke magana da yawunsa a kan yaran, uwarsu ce ko ƙaninsa, ya bar lambar waya, ya kuma ce duk takardar da ta shafi gwaji a karanta wa uwar yara ita da Hausa, tana zaune a wurin lokacin da ake gwajin, a ba ta kwafi a hannu. Kwamitocin iyaye da malamai da sarakunan Hausawa na unguwanni su ma suna da abin yi a nan, kuma ba mai wuya ba ne: su nemi ma'aikatar ilimi ta jihar Gadarif ta amince kada a rubuta wa yaron da ya dawo daga gudun hijira, ko wanda Larabci ba harshen gidansu ba ne, cewa yana da raunin fahimta sai an fara duba kunnensa da idonsa, an ba shi aƙalla zango ɗaya cikakke a aji, sannan an maimaita masa tambayoyin da Hausa.